Kwana Tara Da Jan Biro A Hannuna

Bilkisu da Nasiru, saboda ku na rubuta wannan babin, kuma ba zai yi muku daɗin karatu ba. Na san abin da kuke faɗi a bayan idona game da tafiyar yayanku. Bilkisu ta taɓa cewa a wani gidan suna, tana tsammanin ban ji ba, wai Mama ko ɗigon hawaye ba ta yi ba ranar da Yaya ya tafi, wai dama ba a hannunta ya tashi ba. Shi kuma Nasiru nasa labarin daban, yana gaya wa abokansa uwarsa jaruma ce, kallo ɗaya ta yi wa aikin ɗanta ta cece shi. Dukanku kun faɗi jarrabawa. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da fiziks a makarantar 'yan mata, ban taɓa ba ɗaliba makin da ba ta ci ba, ba kuwa zan fara da kaina ba.

Sai na fara da abin da ku 'yan zamani kuke yi wa dariya, wato kunyar ɗan fari. Ni a Batagarawa na tashi, cikin gidan masu shanu, inda mace za ta tsufa ta mutu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ana yaye yayanku aka kai shi unguwar Ƙofar Durbi, nan cikin Katsina, wajen Yaya Asabe, yayar babanku, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta goye shi, ita ta sa masa laƙabin Shehu, ita yake kira Inna. Ni kuwa Malama yake ce mini, kamar yadda ɗalibaina suke faɗi. Duk Juma'a da safe zai zo gidanmu na Ƙofar Kwaya ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani waje, ya tashi ya tafi. Idan na ga ya rame, Yaya Asabe nake gaya wa. Idan yana son ra'ayina a kan wani abu, ta bakinta zai zo, ta bakinta zai koma. Na yi boko har na gaji, na koya wa 'yan mata ɗaruruwa cewa a tambayi komai, amma wannan abu ɗaya ban taɓa tambayar kaina dalilinsa ba. Ina son yaron nan har cikin ƙashina, kuma ban taɓa zama da shi mun yi hirar minti biyar ba.

Shekarar da nake magana, babanku ya yi shekara uku da rasuwa, ni kuma na yi ritaya. Yayanku yana koyar da injiniyanci a jami'a, bai yi aure ba, yana zaune a gidan Yaya Asabe. Idonta ya fara lalacewa, shi ke ɗiga mata magani safe da yamma, shi ke kai ta asibiti. Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, ya shigo ba ranarsa ba da wani littafi mai kauri a hammata. Ya gaishe ni, ya ɗora shi a kan tsohon teburin da nake yin maki, ya yi magana yana kallon bango.

"Malama, zan bar wannan a nan. Gidan Inna baƙi sun yi yawa, kada a jiƙa shi. Ranar Alhamis ta sama zan zo in ɗauka, ranar ce ta ƙarshe ta aikawa."

Na san gidan Yaya Asabe, baƙon da ke shiga bai wuce mai tallan fura ba. Hannunka mai sanda ya yi mini. Yana so in karanta, ba shi da bakin da zai ce in karanta, ni ma ba ni da bakin da zan ce na ji. Na ce, "To, Allah ya kai mu." Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na ɗauko tabarau.

A shafin farko na gane abin da ake ciki. Wata cibiyar bincike a ƙasar waje tana neman injiniyoyin da za su yi aikin zanen kumbon da zai je wani tauraro, ba duniyar wata ko sauran duniyoyin da ke zagaye rana ba. Duk mai so ya aika da nasa tsarin, kwamiti ya duba, wanda aka ɗauka ya tattara ya koma can. Na ajiye littafin na sha ruwa, sannan na ci gaba.

Zan bayyana muku aikin a taƙaice, don Nasiru tun yana aji uku ya rabu da lissafi baram-baram. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. Kumbon da ake harbawa yanzu da roka, sai ya yi dubban shekaru bai kai ba. Za ku ce a ƙara masa mai. To, jakin da zai yi doguwar tafiya ɗauke da harawarsa, duk nisan da ka ƙara sai ka ƙara harawa, har kayan su zama harawa zalla jakin ya kasa tashi. Haka mai yake wa roka. Shi ya sa masu wannan tunani suka ce a bar man a gida. A ƙera kumbo ƙarami wanda bai kai nauyin goro ba, a ɗaura masa wani mayafi mai ƙyalli wanda ya fi ɓawon albasa sirantaka, a haska masa leza, wato wani tsinin haske mai ƙarfi, daga ƙasa na 'yan mintoci, hasken ya tura shi har ya kai kashi ɗaya cikin biyar na saurin haske. A haka sai ya kai cikin shekara ashirin da wani abu. Ba shi da birki, zai wuce tauraron ne a guje ya ɗauki hoto. A irin wannan gudun, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta huda shi. Kuma in ya tsira, sai ya juyo da saƙo gida da ɗan ƙarfin da bai kai na tocila ba, saƙon ya yi wata shekara huɗun a hanya.

Wannan yaron da nake amsa wa gaisuwa da kalma ɗaya, ashe ga abin da ke cikin kansa. Na yi alfahari da shi irin wanda ban taɓa yi ba, na kuma ji tsoro, don na san wanda ya rubuta wannan ba zai zauna a Katsina ba.

Washegari Laraba na ga kuskuren. Ba wata baiwa ba ce, ɗabi'ar mai maki ce, ba na tsallake shafi. Babbar matsalar mayafin ita ce zafi. Hasken da ke tura shi shi ke gasa shi, kuma a sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe zafin. Hanya ɗaya ce, ya fita da kansa ta fuskar mayafin, kamar yadda katangar gida ke huci bayan rana ta faɗi. A shafi na goma sha bakwai, yayanku ya yi lissafi cewa zafin zai fita ta fuska biyu, gaba da baya, kuma da haka mayafin zai jure da ƙyar. A shafi na arba'in da ɗaya, inda yake maganar aiko da saƙo, sai ya shimfiɗa eriya da wayoyinta a bayan mayafin ya rufe kusan duka. Da gani watanni ne tsakanin rubuta babi biyun, ya manta da na farko. Na ɗauko takarda na sake lissafin da fuska ɗaya, sau uku ina yi. Mayafin zai ƙone tun kafin a kashe lezar. Duk wani ɗan kwamiti da ya haɗa shafukan nan biyu zai ajiye littafin ya ɗauki na gaba.

Na cire murfin jan biro zan zagaye wurin, sai na tsaya. Rubutu a littafinsa magana ce kai tsaye, ni kuwa ban taɓa gyara masa ko ɗaurin wando ba. Na ce a raina, akwai hanya, ita ce wadda muka saba. Na yafa mayafi na tafi Ƙofar Durbi lokacin da na san yana aji.

Na sami Yaya Asabe a tsakar gida tana tsince wake da lalube. Muka gaisa, ta tambayi gida da zafi da ku biyun da ƙafata mai ciwo, na tambayi idonta. Sannan na yi mata bayani a saukaƙe: akwai kuskure a takardar yaron nan, in ba a gyara ba ba za su ɗauke shi ba, ta ce masa ya haɗa shafi kaza da shafi kaza. Ta daina tsintar waken.

"In ba su ɗauke shi ba, mi za ya hwaru?"

Na ce zai ci gaba da aikinsa a nan.

"To, Rabi, mi kike so in ce mishi? In ce ga hanya, tashi ka tahi?"

"Yaya, shekara biyu ya yi yana wannan aikin."

"Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina nawa." Ta ture tiren gefe. "Allah ne ya ruhe mishi ido ga shahin nan don shi zamna. Ke wa ya aike ki ki buɗe? Ba ni kai saƙon ga. Ke kuma na san ki, ba ki iya hwaɗa mishi. Ki bar abin yadda Allah ya aje shi."

Ga gaskiyar da na ɗauki biro saboda ita. Da na fito daga gidan, ba baƙin ciki na ji ba, sauƙi na ji. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi abin da al'ada ta ce, na kai saƙo inda ake kaiwa, an ƙi karɓa, wa zai ga laifina? Zai aika, za su yi shiru, zai yi 'yan watanni yana ɓacin rai, sannan a yi masa aure, in riƙa ganinsa duk Juma'a har in mutu. Ba wanda zai taɓa sanin na gani, sai tsohuwar da ita ma bakinta ɗaya da nawa.

Haka na yi ta lallaɓa kaina. Juma'a ya zo gaisuwa, ya saci kallon teburin, ya ga littafin ya canza wuri, ya ɗan dakata ko zan ce wani abu. Na ce, "Lafiya lau," na juya ina gyara labule. Na ji lokacin da ya saki numfashi, kuma na san abin da ya ɗauka: Malama ta karanta, ba ta ga komai ba. Ya fita da sauri yana murmushi. Shirun nan nawa ya zama sa hannu a kan aikin, ni kuma na sani.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Bilkisu, ke ce kika kawo mini maganin olsa, kin tuna, kina faɗa wai zafi ne. Ina sallah lissafin yana yi mini yawo a ka, sai in rasa raka'a ta nawa nake. Na ɗauki littafin na sa a ƙarƙashin akwati don kada in gan shi, bayan awa ɗaya na ciro shi. Na gwada rubuta wasiƙa ba suna, na yaga, don ya san rubutuna tun daga katin sakamakon ƙannensa. Na yi tunanin aiken Nasiru, na tuna yana Zariya, kuma ko yana nan sai ya kai shafi na sha bakwai a matsayin na saba'in. Gaskiya dai ba rashin hanya ne ya hana ni ba. Duk hanyar da na samo sai in nemo mata aibi, domin ba na so ya tafi.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, wata tsohuwar ɗalibata ta tare ni a kasuwa. Yanzu likita ce. Ta durƙusa har ƙasa a gaban mai tumatir, tana gaya wa 'yarta cewa wannan ce malamar da ta taɓa tsare ta bayan an tashi, ta sa ta sake lissafi ɗaya sau shida tana kuka. Ta ce, "Malama ba ta barin kuskure ya kwana." Na yi dariya na sa mata albarka. Na dawo gida ba tumatir ɗin, na zauna a bakin gado. 'Yar wani na tsare har ta gane, nawa kuma na bar shi zai shiga gaban manyan masana da rami a gabansa.

Alhamis da ƙarfe takwas ya zo. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya miƙe ya ɗauki littafin ya sa a hammata. Ina zaune a kan tabarma, jan biron yana hannuna. Ya ce, "Na gode da ajiya, Malama," ya juya. Na bar shi ya kai bakin zaure. Har yau ban san abin da zai faru ba da ya ƙara sauri kaɗan.

"Dawo ka zauna."

Ya tsaya, ya waiga yana neman wanda nake yi wa magana. Babu kowa a gidan sai mu biyu.

"Da kai nake. Jawo kujerar can. Buɗe shafi na goma sha bakwai."

Ya ƙi kujerar, ya zauna a ƙasa nesa da tabarmar. Na ce ya matso, ba zan yi ihu ba. Na sa shi ya karanta layin da ƙarfi, na ce ya sa yatsa a wurin ya buɗe na arba'in da ɗaya. Ya karanta. Ya koma na farko, ya dawo na biyu.

"Innalillahi. Malama, na rufe bayan."

"Ka rufe."

"Amma wayoyin sirara ne, wani zafin zai bi ta tsakaninsu."

"Nawa? Kada ka ce mini wani. Ga takarda."

Ya yi gardama, na yi gardama. Ya ce kayan da ya zaɓa suna jure fiye da yadda nake zato, na ce ya nuna mini a teburinsa na shafi na ashirin, ya duba ya ga ba haka ba ne. Can ya manta da wa yake magana, ya fizge biron daga hannuna yana cewa, "A'a, tsaya ki gani," ni kuma na buge masa hannu kamar ɗan aji ɗaya. Sai muka ga junanmu, ido cikin ido, karo na farko tun yana shan nono. Muka mayar da kai kan takarda.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe. Har azahar muna abu ɗaya. Ya mayar da eriyar gefen mayafin ta zama zobe, ya yarda saƙon zai ragu ƙarfi, ya rage zafin lezar ya tsawaita lokacin haskawa, ya rubuta a fili cewa wannan wurin bai gama warwaruwa ba. Na ce masa kwamiti zai yafe wa wanda ya san inda aikinsa ke yoyo. Ya tafi ofis ya buga, ya aika saura awa biyu a rufe. Kafin ya fita ya tsaya a ƙofa.

"Malama, yaushe kika gani?"

Na ce, "Je ka, lokaci na tafiya." Ya ɗauka a daren jiya ne, na bar shi a haka, kuma daga nan Nasiru ya samo labarinsa. Tun Larabar farko na gani. Kwana tara littafin ya yi a gidana, takwas daga ciki ina sane.

Sun ɗauke shi. Ya tafi bayan an girbe gero. Yaya Asabe ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ranar da takardar ta zo ta aiko a kira ni, ta ce, "Ni na goya, ke kin bayar," shi ke nan. Daga ranar in na je gaishe ta sai ta amsa da kalma ɗaya tana fuskantar wani waje. Na san wannan amsar, ni na ƙware a kanta. Ranar tafiyar ita ta riƙe rigarsa tana kuka a ƙofar gida, ni na tsaya daga baya. Bilkisu, a gaban matar da na raba da ɗanta kike so in yi hawaye? Na yi nawa a banɗaki, na wanke fuska na fito.

Ni na karɓi ɗiga mata magani. Shekara biyu ina zuwa Ƙofar Durbi safe da yamma, tana buɗe ido in ɗiga, ba ta ce sannu ba, ban kuma jira ba. Yana kiranta duk Juma'a, ni kuma yana kirana ranar Asabar mu yi awa guda muna gardama a kan zafi da nauyi. Abin da ta rasa shi na samu, kuma ta sani. Kun tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi nadamar magana ba, na yi nadamar kwanakin da na ɓoye a bayan kunya, kuma ban taɓa iya cewa Yaya Asabe ba ta da gaskiya ba.

Ciwonta na ƙarshe bai yi mako ba. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, ina zaune a gefen gadonta ina yi mata fifita, sai ta yi mini magana mai tsawo karo na farko cikin shekara biyu.

"Rabi, jirgin nan nashi, ya tashi?"

Na ce bai tashi ba.

"Yaushe za ya tashi?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce ba a ma ƙera shi ba tukuna, har yanzu zane ne da gwaji, mai yiwuwa sai a zamanin jikokinsa. Sannan ta lalubo hannuna ta tura mini wayarta da ke ƙarƙashin matashi.

"Kira mini shi. Ke ce mai magana da shi yanzu."

Na kira, wayar a kashe. Yana ɗakin gwaji, inda ba a shiga da waya. Na sake kira, na aika saƙo, na sake kira, tana tambayata, "Ya ɗauka?" ina cewa saura kaɗan. Sau goma sha ɗaya na kira. Ta cika kafin azahar, aka kai ta bayan la'asar.

Maza suna dawowa daga maƙabarta wayar ta yi ƙara a hannuna. Gidan cike da mata, kowa ya ga sunan da ya fito, ba wadda ta miƙo hannu. Na ɗauka. Ya ce, "Inna, yi haƙuri, ina cikin aiki ne, yanzu na fito."

Na ce, "Ba Inna ba ce. Ni ce. Nemi wuri ka zauna."